Idan Ban Farka Ba Fa? Shiri da Fargaba Kafin Tiyatar Rage Ƙiba

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Masu kwance a asibiti da rediyo a gefen matashi, Allah ya ba ku lafiya, ya sa kaffara ne.

Yau da labarin gidanmu zan fara. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na nemi izininta, ta ce in faɗa, muddin ban kama suna ba.

Daren da gari zai waye a yi mata tiyatar rage ƙiba, ni ce mai jinya. Wajen ƙarfe biyu na farka a kan tabarmata, na gan ta zaune a bakin gado, ta haska fitilar waya, tana rubutu a bayan wata takardar awon jini. Na ce, "Yaya, lafiya kuwa?" Ta ce, "Basussuka nake rubutawa. Tela yana bi na dubu huɗu, ban yi zubin adashin wannan wata ba, ga babbar tukunyar Gwaggo da na aro tun suna ban mayar ba." Ta yi shiru, ta ajiye biron, sannan ta ce, "Ke, idan ban farka ba fa? Cewa za a yi ina zaman zamana na kai kaina."

Wannan "zaman zamana" shi ya tsaya mini a rai, don kuwa ba zaman lafiya Yaya take yi ba. Nauyinta kilo 118, tsayinta mita 1.60. Shekararta shida da ciwon suga, har an kai ga allura safe da yamma. Ga hawan jini. Shekara uku rabonta da ta kai goshi ƙasa, a kan kujera take salla saboda gwiwa. Da daddare in tana minshari sai numfashi ya ɗauke cak, sai mijinta ya girgiza ta sannan ta ja. Amma a wannan daren duk ta manta da waɗannan, tsoro kawai ya rage mata.

Saboda ita da ire-irenta nake son mu tattauna yau. Wanda likita ya ce masa lokaci ya yi da za a yi masa wannan aiki, yaya zai shirya, kuma yaya zai yi da wasiwasin da ke hana shi barci?

Mu fara da aikin kansa. Mutane da yawa sun ɗauka kitse ake yankowa a zubar. Wancan daban ne, na kwalliya ne. Wannan a tumbi ake yin sa, kuma iri biyu suka fi yawa. Na farko likitoci na ce masa silib, wato hannun riga: ana cire kimanin kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siriri mai siffar ayaba. Shi aka fi yi a duniya yanzu, shi aka yi wa Yaya. A riƙe wannan da kyau: abin da aka cire ba ya dawowa. Na biyu shi ne baifas, sunan kuma ya dace da shi, kamar titin baifas da ke kewaye gari. Ana ware 'yar jaka a saman tumbi da ba ta wuce girman ƙwai ba, a jona ta da ƙaramin hanji, sai abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likita a jami'ar Iowa ta Amurka, Edward Mason, shi ya fara wannan a shekarun 1960. A da sai an tsaga ciki. Daga shekarun 1990 aka koma yin ƙananan huji huɗu ko biyar, a zura kyamara da kayan aiki. Shi ya sa yanzu mutum kan taka ƙafarsa a ranar da aka yi masa aikin, a sallame shi bayan kwana biyu ko uku.

Ƙanƙantar tumbin ma ba ita kaɗai ke aiki ba. Akwai wani sinadari mai suna girelin da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa, mafi yawansa daga ɓangaren da ake cirewa a silib yake fitowa. Bayan tiyata kuma sinadaran hanji masu sa ƙoshi da daidaita suga suna ƙaruwa. Dalilin ke nan da za ka ga mai ciwon suga awonsa ya fara sauka cikin kwanaki, tun kafin a ga rama a jikinsa.

Ba kowane mai teɓa ake yi wa ba. Likitoci suna da ma'auni da ake kira BMI: ka ɗauki nauyinka a kilo, ka raba da tsayinka a mita, ka sake rabawa da tsayin. Na Yaya ya ba da 46. Tun 1991 ƙa'idar da aka sani ita ce 40 zuwa sama, ko 35 ga mai ciwon suga ko hawan jini ko ɗaukewar numfashi a barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta, suka ce daga 35 ya isa, mai ciwon suga kuma ana iya duba shi tun daga 30. Matsalar kuma ta duniya ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 yana fama da ƙibar da ta wuce kima.

To, ga wasiwasi na farko, wanda a ganina ya fi kowanne cin rai, domin daga bakin mutane yake shigowa. A wajenmu ƙiba hutu ce. Amarya in ta yi wata uku ba ta ciko ba, sai a fara tambayar ko miji ba ya ciyar da ita. Har yanzu akwai 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe don su yi jiki. Sai kuma ranar da ƙibar ta zama ciwo, bakin da ya yaba shi ne zai ce, "Ki kama bakinki mana, ai ragwanci ne." Yaya ta sha wannan. Gwaggonmu da kanta ta ce mata, "Mutane na neman jikin, ke kina kai shi a yanka. Ki ji tsoron Allah." Ta kwana uku tana juya maganar.

Ina son wanda aka faɗa wa irin wannan ya saurare ni. Yaya ta yi shekara goma tana kama baki. Ta bar cin dare, ta sha shayin rage teɓa kala-kala, ta yi zagayen fili da asuba har gwiwa ta hana. Takan sauke kilo takwas, bayan wata shida goma su dawo. Akwai bayanin wannan a ilimance. A 2011 masu bincike a birnin Melbourne na Ostireliya sun sa mutum 50 a kan tsauraran abinci na mako goma, suka rame, sannan aka ci gaba da bibiyarsu. Bayan shekara guda cur, sinadarin yunwa a jininsu yana nan sama da yadda yake tun farko, suna jin yunwa fiye da da. Jiki yana ɗaukar rama a matsayin fari, sai ya tashi tsaye ya ƙwato abin da ya rasa. Wanda ya kai irin nauyin Yaya, da halittar jikinsa yake kokawa dare da rana, kuma 'yan ƙalilan ne ke cin wannan kokawa su riƙe nasarar shekaru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don Allah dangi, in ba za ku taya da addu'a ba, ku taya da shiru.

A kan batun canza halitta, Yaya ta je ta tambayi malamin islamiyyarsu. Tambaya ɗaya ya yi mata: don ado ne ko don magani? Ta zayyana masa allurai da kujerar salla. Ya ce ta yi istihara ta bi shawarar likitanta. Malamai da dama suna bambanta tiyatar ƙawa da tiyatar lalura, amma kowa ya kai wa malamin da ya amince da shi cikakken bayanin ciwonsa, kada ya je da rabin magana.

Sai babbar tambaya, wadda ta yi mini ƙarfe biyun dare. Ana mutuwa a wannan aiki? Ana yi. Ba zan ɓoye muku ba. A asibitocin da suka ƙware suna yin sa kullum, ana rasa tsakanin mutum 1 zuwa 3 cikin 1,000 a watan farko, kwatankwacin haɗarin tiyatar cire matsarmama da ake yi yau da gobe. Abubuwan da aka fi tsoro su ne ɗinkin tumbi ya yi yoyo, wanda ke samun kimanin mutum 1 cikin 100, da zubar jini, da gudan jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu.

Amma sikeli hannu biyu gare shi. A ƙasar Suwidin an fara wani bincike a 1987 a kan mutum fiye da 4,000 masu matsananciyar ƙiba, kusan rabi an yi musu tiyata, rabi kuma aka bar su da kulawar da aka saba. A 2007 aka fitar da sakamako: mace-mace a cikin waɗanda aka yi wa aiki sun yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100. A 2020 aka sake lissafi, aka ga a matsakaici sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara uku, ko da yake ba su kamo waɗanda ba su taɓa yin ƙibar ba. A asibitin Cleveland Clinic na Amurka kuma, a 2012, an gwada tiyata da magani zalla a kan masu ciwon suga 150, waɗanda aka yi wa tiyata suka fi samun daidaituwar suga nesa ba kusa ba. Rai a hannun Allah yake, ajali ba ya gaba ba ya baya. Sai dai an umarce mu da neman magani, kuma zama da ciwon suga da hawan jini da ɗaukewar numfashi shi ma haɗari ne, illa dai a hankali yake cin mutum, ba a sa masa rana kamar tiyata.

Wani zai ce, ga alluran rage ƙiba sun fito, me zai kai ni wuƙa? Tambaya ce mai kyau, a yi wa likita ita. Wegovy, wadda aka amince da ita a Amurka a 2021, tana rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi. Mounjaro kan kai kusan 20. Tiyata kan rage 25 zuwa 30 cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Alluran suna da tsada, kuma da an daina yawancin nauyin kan dawo. Ga jabu: a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan allurar Ozempic ta bogi da ke yawo. Ga wani allura ta isa, ga wani ba ta isa ba. Wanda yake kan allurar kuma aka sa masa ranar tiyata, lallai ya sanar da likitan da zai sa shi barci, domin tana jinkirta saukar abinci daga tumbi.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan shirin tiyatar rage ƙiba.

Shirin yakan ɗauki watanni, kuma duk asibitin da ya ce ka zo yau a yi gobe, ka ja da baya. Za a auna jini a ga suga da ƙoda da hanta, da sinadarin ƙarfe mai gina jini, da bitamin B12 da D, domin yawancin masu ƙiba suna da ƙarancinsu tun kafin aiki. Za a duba zuciya. Sau da yawa ana zura kyamara ta baki a leƙa tumbi, a nemi gyambo da ƙwayar cutar H. pylori, wadda ta yi yawa a yankinmu. An samu Yaya da ita, sai da ta sha magani na mako biyu tukuna. Mai yawan ƙwannafi ya faɗa tun wuri, domin silib kan ƙara shi, likita na iya zaɓa masa baifas. Mai minshari ana iya gwada barcinsa, a ba shi na'urar da ke tura iska ta hanci. Mai shan sigari ko shisha ya bari aƙalla mako shida kafin aiki, kuma kada ya koma, domin hayaƙi na hana ɗinki warkewa.

Kada a ɓoye wa likita komai da ake sha ko ake shafawa. Jiƙe-jiƙe, garin magani, ƙwayoyin tazarar haihuwa, maganin tsinka jini, duk a zube su a kan teburinsa. 'Yan'uwana mata, wannan taku ce: wadda ta daɗe tana shan sha-ka-fashe, ko tana shafa man bilicin mai ƙarfi, ta faɗa ko da kunya. Wasu daga cikinsu na ɗauke da sinadarin da ke raunana jiki wajen jure tiyata, har jini ya faɗi ana cikin aiki. In likita ya sani, akwai matakin da zai ɗauka.

Sai mako biyun ƙarshe, waɗanda Yaya ta ce sun fi tiyatar wuya. Hanta tana kwance ne a kan tumbi kamar murfi, kuma ta mai ƙiba takan kumbura da kitse. Dole likita ya ɗaga ta kafin ya kai ga wurin aikinsa. Don haka ake sa mutum a kan abinci kaɗan ƙwarai, babu tuwo, babu shinkafa, babu burodi, babu suga, babu suya, sai romo da ƙwai da kifi da kindirmo marar zaƙi da ganye, gwargwadon tsarin asibitinsa. Cikin kwanakin nan hanta ke saɓewa. Wanda ya yi ha'inci, kansa ya cuta, domin ana iya shiga a tarar da hanta ta tare hanya a fasa aikin. Mai allurar suga kuma kada ya fara wannan tsari sai likita ya rage masa awon maganinsa, in ba haka ba suga zai faɗi warwas.

A kwana na tara na wannan tsari aka yi suna a gidan ƙaninmu. Na ga Yaya zaune a tsakar gida, an ajiye mata tire na waina da miyar taushe da soyayyen naman rago, tururi na tashi. Ta jawo 'yar fulas ɗinta ta zuba romon kaza a kofi. Mata suka yi ca, "Haba Hajiya, ko loma ɗaya! Ai yau ranar farin ciki ce." Ta yi murmushi ta ce likita ya hana. Da muka shiga ɗaki na ga hannunta na rawa. Ta ce, "Ba yunwa ba ce. Tunani nake, shi ke nan ni da cin abinci cikin mutane?" A nan na gane akwai wani baƙin ciki da ba a cika faɗa ba. A wajenmu abinci zumunci ne, kwano ɗaya ake sa hannu, mai masauki ba ya jin daɗi sai ka ƙara. Wanda za a rage wa tumbi yana bankwana ne da wata irin rayuwa, kuma yana da haƙƙin ya ji zafin hakan. Za ta koma cin waina, amma ɗaya, a hankali, bayan watanni. Gara mutum ya yi wannan kukan kafin tiyata da ya yi shi bayanta.

Abin da ya kamata a fi shirya wa ke nan, rayuwar bayan aiki. Makonnin farko ruwa-ruwa ne, sannan dame-dame, sannan mai laushi, sai wajen mako shida a fara komawa abincin gida. Cokali kaɗan ya ƙosar. Ana fara cin mai gina jiki, ƙwai ko kifi ko alale ko awara, kafin a taɓa tuwo. Ba a haɗa ci da sha, ana ba da tazarar rabin awa. Ruwa kurɓi-kurɓi ne yini guda, lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma a zafin Afrilu irin namu wannan aiki ne babba. Lemun kwalba an rabu. Wanda aka yi wa baifas in ya sha fura mai suga da yawa, zai ji jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa. Gashi kan zube tsakanin wata na uku da na shida, sannan ya dawo. Fata kan saki. Saurin rama kan haifar da tsakuwa a matsarmama.

Abu uku kuma sun shafe mu kai tsaye. Magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba tare da takarda ba, irin su ibuprofen da diclofenac, suna iya huda sabon tumbi da gyambo, sai an bar su. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, ta kuma sani haihuwa kan buɗe da an fara rama, ko ga wadda ta daɗe tana nema, don haka a zauna da maigida a yi maganar tazara tun kafin ranar. Azumi kuma, likitoci da yawa suna hana shi a watannin farko, wasu har shekara, saboda ƙaramin tumbi ba zai ɗauki ruwan yini guda tsakanin magariba da asuba ba. A duba kalanda kafin a tsayar da rana, a tambayi malam hukuncin ramuwa.

Sannan bitamin, har ƙarshen rayuwa. Wanda ya yi sakaci da su zai gamu da ƙarancin jini da raunin ƙashi da mutuwar jijiyoyi. Amai da ya ƙi tsayawa bayan tiyata kan ƙarar da bitamin B1 cikin makonni, ya taɓa ƙwaƙwalwa, don haka ba a zama da shi a gida. Duk wanda ke lissafin kuɗin tiyata ya haɗa da kuɗin bitamin da awon jini na kowace shekara. Wanda ya sayar da fili ya biya aiki, bai bar na waɗannan ba, bai gama shiri ba.

Ana yin aikin a wasu asibitoci a Legas da Abuja, mutanenmu kuma na tafiya Indiya da Masar da Turkiyya. Akwai ƙwararru a can, akwai kuma dillalai da ke tallar tiyata a Facebook da TikTok kamar atamfa, har da otal da yawon buɗe ido. Gwamnatin Birtaniya ta sha gargaɗin 'yan ƙasarta bayan wasu sun rasu a irin wannan tafiya zuwa Turkiyya. Araha ba ta ado. Ka nemi magana da likitan kansa. Ka tambaye shi aiki nawa yake yi a shekara, nawa suka samu yoyo, akwai ɗakin kulawa ta musamman ko babu. Ka tambayi kwana nawa za ka yi kafin ka hau jirgi, domin doguwar tafiya a zaune na jawo daskarewar jini. Mafi muhimmanci, in ka dawo Kano ko Maraɗi ko Kumasi, zuciyarka ta fara bugawa sama da 120 a minti, ga zazzaɓi, ga ciwon ciki ko kafaɗar hagu, ga numfashi sama-sama, wane likita za ka kira da tsakar dare? Waɗannan alamomin yoyo ne ko gudan jini, awoyi ke raba rai da mutuwa. In ba ka da sunan likita da lambarsa a gida, kada ka sayi tikiti tukuna.

Kun ga ke nan ba kowace shakka ce ake lallashi ba. Akwai wadda gaskiya take faɗa maka. Idan miji ne ya matsa, ko gori ne na kishiya, ko kina sa ran tiyata ta gyara auren da ya lalace, ki dakata. Idan kana cikin matsananciyar damuwa da ba a yi maganinta ba, ko kana shan kodin ko tiramadol ko giya, ka faɗa, a fara da wannan. Shi ya sa asibitocin kirki ke haɗa mutum da likitan ƙwaƙwalwa kafin aiki, kuma ba zargin hauka ba ne. Wanda abinci ne mafakarsa in ransa ya ɓaci, ranar da mafakar ta rufe yana bukatar wata. Idan kuma likitanka yana fushi da tambaya, nemi wani. Ɗaga rana ba abin kunya ba ne, kuma kana da ikon cewa ka fasa har zuwa lokacin da za a sa maka allurar barci.

Amma fargabar da ke zuwa bayan an yi duk wannan, an yi tambaya an samu amsa, an yi istihara, an shirya gida, ita kusan kowa yana yin ta. Abin da ke taimakawa shi ne a rubuta tambayoyi a takarda duk lokacin da suka faɗo, a kai wa likita. A nemi wanda aka yi wa aikin shekara biyu ko uku da suka wuce, a ce ya faɗi mai daɗin da marar daɗin. A rage kallon bidiyon tiyata da daddare. A zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za a riƙa buɗe wa ciki, ba sai duk dangi sun sani ba. Rubuta wasiyya da bashi kuwa, kamar yadda Yaya ta yi, abu ne da addini ya kwaɗaitar ko ga mai lafiya, kuma yana sauke nauyi daga ƙirji.

A wannan daren ban ce mata "babu komai" ba, don ta san ƙarya ne. Na hau gadon na zauna kusa da ita, na ce, "Yaya, ba ni takardar." Na karanta basussukan ɗaya bayan ɗaya, na ce na riƙe. Sannan na juya takardar. A ɗaya fuskar awon sugarta ne na wata uku, an rubuta 10.4, inda ake so ya kasance ƙasa da 7. Ta daɗe tana kallon lambar. Ta ce, "Haka na Baba yake kafin a yanke masa ƙafa." Muka yi shiru. Can ta ce in ɗebo mata ruwa ta yi alwala, ta yi nafila a kan kujerarta, ni kuma ina daga gefe ina jan carbi har aka kira assalatu.

Da safe likitan da zai sa ta barci ya zo, ya leƙa bakinta, ya duba wuyanta. Ta dube shi ta ce, "Likita, zan farka?" Ya jawo kujera ya zauna, ya gaya mata shi ba zai bar kanta ba daga farko har ƙarshe, ya nuna mata abin da zai riƙa dubawa, numfashi da bugun zuciya da hawan jini. Ya tambaye ta ko tana son a ɗaga. Ta ce a'a. Ƙarfe takwas aka tura ta. Da la'asar tana takawa a baranda, hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya riƙe da ƙarfen ƙarin ruwa.

Yanzu shekara biyu ke nan. Tana kilo 84. An daina allura, saura ƙwaya ɗaya. Gashinta ya zube a wata na huɗu har ta yi kuka, ya kuma fito. Tana fama da ƙwannafi, tana shan maganinsa. Azumin farko bai samu ba, ta rama daga baya cikin sanyi. A wata na bakwai ta kira ni da asuba, muryarta na rawa, ta ce ta kai goshi ƙasa. Tukunyar Gwaggo kuwa, da kanta ta ɗora a ka ta kai mata har gida, a ƙafa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zo da masaniyar abinci, ta nuna mana yadda ake sarrafa wake da kifi da zogale ga wanda aka yi wa wannan aiki. Masu tambaya su turo tun yanzu.

(Kiɗan rufe shiri)